Hanyar da Ban Zana Ba

Shekara bakwai rabona da ginin nan.
Na san shi tun yana layi a takarda,
kafin a sauke bulo na farko
a filin da ke gefen hanyar Batagarawa.

Ni na auna ɗakunansa:
gado huɗu, taga biyu masu kallon juna,
don iska ta shigo ta nan ta fice ta can
ba sai ta yi sallama ba.
Na sa ginin ya juya wa yamma ƙeya,
don na san ranar Katsina,
in ta karkata bayan azahar
ba ta jin kunyar kowa.

Yau na dawo da zanena a hammata.
A ɗaki na sha bakwai mutum tara na tarar.
Tagar arewa an liƙe ta da kwali.
Lantana ta ce sauro ne,
Tabawa ta ce sanyi,
wata daga gadon sama, ba ta ko ɗago ba,
ta ce hasken ne ke hana ta barcin rana.

Barandar da na ba taku shida
don a zauna a yi bita,
igiyar shanya ta cinye ta,
hijabai na ɗiga bisa tayil ɗin da na zaɓa da hannuna.
Ƙarƙashin matakala, inda na bari wayam,
risho uku ne a jere,
wake na tafasa, ana gardamar wa ya ƙarar da kanwa.

Gambo magini ya faɗa mani tun lokacin,
yana goge cokalin gini a gwiwar wandonsa:
"Hajiya, ki bar bedin nan na tsakiya,
siminti ba ya toho."
Layina ta kansa ya bi.
Na karkatar da shi ina ƙunƙuni.
Ga shi yanzu, duk mai jarrabawa gobe tana gindinsa,
bencin da na zuba kuwa
ƙadangare kaɗai ke karatu a kai.

Daga ƙofa zuwa famfo
na shimfiɗa daɓe mai kusurwa, tsaf da shi.
Ƙafafu sun ƙi.
Sun tsaga tasu ta cikin ciyawa,
siririya, ja, kamar tsagar kitso,
ta ɗan kauce wa wani dutse
da ban taɓa sanin yana wurin ba.

A kanta nake tsaye ina duba takarda
wata mai bokiti a ka ta ce,
"Anti, ɗan matsa."
Na matsa.
Ruwan ya ɗan fantsalo bisa zanen.

Na jira ya bushe,
na lalubo fensir a jaka,
na bi sawunta a hankali
har bakin famfo.