Taga Ɗaya a Bene

Ƙarfe ukun dare, sanyin Jos na cizon kunne,
ina gadi da bargo da kaskon gawayi.
Rayfield duk ta yi barci, ban da taga ɗaya a bene
inda shuɗin haske ke lasar fuskar Zihan.

Ubansa na Bukuru wajen awon kuza,
uwarsa na can Sin, sai dai murya.
Shekararsa sha biyar.
Kuku ya kai shinkafa, ya dawo da ita a sandare.
Wata huɗu ban ji dariyarsa ba.
Ido ya faɗa, kafaɗa ta rusuna
kamar mai dakon buhun da ba a gani.

Daren Talata aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari ya mutu.
Can sai ga shi ya sauko, matacciyar waya a hannu,
yana latsawa, yana latsawa,
kamar mai tashin wanda ya suma.

Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa.
Na matsa masa a benci, na ɓare gasasshen dankali.
Ya ci biyu. Ya ɗaga kai.
Taurari sun yi cincirindo bisa duwatsu.
Sai hawaye, babu ko shessheƙa.

Da asuba wuta ta dawo, taga ta koma shuɗiya.
Na kama hanyar Gangare,
na tarar da autata Hansatu a ƙudundune,
haske na tsiyaya ta ƙasan mayafi.

Na tsaya bakin ƙofa.
Na rasa yaren da zan kira ta da shi.