Littafin Bashi

Shagona na bakin kwata a Jekadafari,
rumfar kwano ce da benci guda.
Abin da ya fi kaya nauyi a cikinsa
littafi ne mai baƙin bango
da nake rubuta bashi.

Da, shafi ɗaya kan kai ni wata,
yanzu kafin Laraba na juya.
Bappayo direba: taliya biyu, manja na ɗari uku.
Malama Rifkatu mai koyar da lissafi,
wadda ta fi ni sanin ƙidaya,
ta ce in auna rabin gwangwanin shinkafa,
ta kau da kai kamar mai jiran mota,
ta ce, "Rubuta, sai an yi albashi."

Jiya da hantsi rediyo ya faɗi abin da ake bin ƙasa,
adadin da ba shi da masauki a bakinmu.
Tiriliyan, wai.
Na ce, Malama, sifiri nawa ke nan?
Ta zana mini a bayan kwalin ashana,
kwali ya ƙare, lissafi bai ƙare ba,
sifiri bayan sifiri, kamar ƙwan zabi
da ba kazar da za ta ƙyanƙyashe shi.

Mai sharhi ya ce in an raba,
kowa da nasa kaso, har na goye.
Sai na tuna Dudu, jikata,
kwana biyar a duniya, cibi bai faɗi ba,
ba ta ci tuwon kowa ba, ba ta taka kwaltar kowa ba.
Yarinya, wa ya tsaya miki shaida?
Wa ya dangwala yatsanki a takarda
tun wanzami bai taɓa miki gashi?

Ni na san masu ci, sana'ata ce.
Akwai mai ci ya sayi iri,
kaka ta yi ya zo da wake daga Kumo ya goge sunansa.
Akwai mai ci ya ɗinka babbar riga,
ya koma bi ta bayan masallaci.
Na ukun ne ke hana ni barci:
mai cin sabo ya biya tsoho,
mai haƙa rami ya cike rami.
Duk sanda na ji "za a sake rantowa"
shi nake gani tsaye a ƙofata,
da murmushinsa, da turare mai ƙanshi.

Alhaji Manga da ke ba ni sari
ya daina cewa "kawo in ka sayar."
Shi kamfani ya matse shi,
kamfani dala ta shaƙe shi,
dala kuwa ban san wa ke riƙe da linzaminta ba.
Igiya ce ɗaya, doguwa,
bakinta na ɗaure a ƙafar bencina.
In an fizga a can, nan ake nishi.

A majalisa da dare kowa da hasashensa.
Wani ya ce naira za ta koma ganye,
a cika buhu a sayo burodi.
Wani ya ce banki zai wayi gari da kwaɗo.
Baba Tela ya gyara tabarau,
ya ce shi ya yi layin sabulu da madara yana saurayi,
an ce ƙasa ta mutu, an kusa yi mata wanka,
ga ta nan har yau tana ɗingishi.

Ni ba masani ba ne.
Na dai ga ana raba mudu gida takwas,
na ga ƙullin sukari ya koma kamar laya,
na ga matan layinmu sun fasa adashi.

Da na zo rufewa na buɗe shafin ƙarshe, fari fat.
Na so in sa sunan ƙasa, in ja layi,
in jera abin da ni nake bin ta:
wuta, ruwan famfo,
fanshon yayana da ya rasu yana jira.
Sai ga autan Rifkatu a guje,
an aiko shi gishiri na hamsin.
Na ƙulla, na ƙara ɗan kaɗan.
Ya tsaya yana kallon biro.
Na ce, "Je ka, gishiri ne."
Na ja ƙofa, na danna kwaɗo.
A bar abu ɗaya ya kwana a ƙasar nan yau
ba a rubuta shi bashi.