Cokalin Halvard

A Hammerfest rana kan yi ƙaura.
Tun cikin Nuwamba take naɗe tabarmarta,
ta bar mu da fitilun titi da gurnanin teku,
sai can ƙarshen Janairu, in ta ga dama,
ta leƙo ta bayan dutse.

Ni Torhild, shekara tamanin da ɗaya,
na saba da duhu kamar yadda na saba da sunana.
Abin da ban saba da shi ba
shi ne tururuwar da ta tare a yatsuna,
tana yawo ba dare ba rana
(to, ina ranar ma?)
har ta hau ta zagaye mini leɓɓa.

Ina saƙa wa jikana safa
sai hannu ya ƙi ni.
Babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi,
sauran suka haɗa kai kamar bakin tsuntsu.
Ulu ya gangara ƙarƙashin kujera,
na zauna ina kallon hannun nan
kamar na wata ne aka ba ni aro.

Cikin dare sha-raɓa ta ɗaure tamau.
Na ce tsufa ne, wanda ya daɗe ya ga daɗau.
Sai ranar da na zube a ƙofar kicin,
ba ƙanƙara, ba tuntuɓe,
ƙafa ce kawai ta ce ta gaji.

Likita Eirin, sa'ar jikata,
ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta hura.
Kafin minti uku bakin tsuntsu ya dawo.
Ta ƙwanƙwasa kuncina kusa da kunne,
gefen bakina ya motsa ba da izinina ba.
Ta ɗebi jini.
Ta ce kalsiyam ya yi ƙasa,
bitamin D kuwa saura ƙiris ya ƙare,
alhali shi ke buɗe wa kalsiyam ƙofar hanji.
In babu shi, jini kan koma cin bashin ƙashi,
kullum karɓa, ba ranar biya.

"Kina shan man hantar kifi?"

Na dubi tagar da ba komai a cikinta.

Shekara hamsin da huɗu,
duk safiyar hunturu, kafin kofi,
Halvard ke tsayawa gaban firji da cokali,
ɗaya nasa, ɗaya nawa.
Ni ke haɗiyewa, shi ke yatsine fuska
don in yi dariya ƙarnin ya wuce.
Hunturu biyu ke nan da rufe shi.
Kwalbar na nan inda ya ajiye ta.
Ba mantuwa ba ce, likita,
ban taɓa koyon zuba wa kaina ba.

Ta ba ni ƙwayoyi farare masu ɗanɗanon alli,
da wasu ƙanana kamar ɗigon zuma.
Sannu a hankali tururuwa ta kwashe kayanta.
Safa ɗaya ta kammala, ɗayar na kan dunduniya.

Jiya rana ta leƙo.
'Yan makaranta sun fita suna mata ihu.
Eirin ta ce wannan ta ido ce kawai,
fata sai ta jira ta ƙara hawa sama.

Na sayo sabuwar kwalba.
Cokalin dai nasa ne, mai lanƙwasasshen wuya.
Na zuba, ban zubar ba,
na haɗiye,
na yatsine fuskar da kaina.