Inda Allura Ke Tuntuɓe

A ƙarƙashin gadon Kaka na same su,
cikin adakar ƙarfe mai warin kananzir:
faya-fayen garmaho guda bakwai,
baƙaƙe wuluk, masu nauyin faranti,
an naɗe su da tsohon zanen Goggo Tasalla.
Biyu sun riga sun zama sakaina.

Rubutun tsakiyarsu ya fi ƙarfina.
Boko ne, amma ba Turancin makaranta ba,
wasula bibbiyu a jere kamar tagwaye.
Goggo ta ce, "Kayan Fanda ne, mai lofe,
Baturen kuza na Bukuru da kakanka ya yi wa kuku.
Ba ɗan Ingila ba ne, daga can kudu ya fito,
inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara.
Afirkans yake kiran yarensu.
Ranar tafiyarsa ya miƙo waɗannan
a madadin albashin wata biyu."

Davou mai gyaran rediyo a Dilimi
ya sauko da wani garmaho daga saman kanta,
ya hure shi, ya wasa allura a dutse,
ya wana hannun har gumi ya tsatso masa.

Da fari tuya muka ji,
sai yayyafi a kan rufin kwano,
sai tsakuwa ana rairaya.
Daga ƙarƙashin tsakuwar wani abin kiɗa ya ja numfashi
irin na zugazugin maƙera,
sannan mace ta ɗaga murya, siririya,
kamar mai kira daga cikin rijiya.

Ko kalma ɗaya ban gane ba,
amma tsigar jikina ta tashi.
Na san karin nan.
Shi Kaka ke yi da fito in yana feren dankali,
shi ya yi mini daren da ƙyanda ta kwantar da ni,
ya ɗora masa kalmomin kansa
na wani jaki da ya ƙi haye rafi.
Shekara arba'in ina ɗauka gadon gidanmu ne.

Can tsakiyar waƙar akwai tsaga.
Allura ta yi tuntuɓe, ta koma baya,
matar ta faɗi kalma guda, ta sake, ta sake,
har Davou ya ƙwanƙwasa tebur ta wuce.
Na zauna a kan buhun tsofaffin wayoyi.
Daidai nan Kaka ke maimaita "jaki" sau uku,
ya daki gwiwarsa, sannan ya ci gaba.
Ta bayan bangon kicin ya koye ta,
da tsagar da bugun teburin duka,
bai san wane ne waƙa wane ne rauni ba.

Baiwar Allah, ko wace ce ke,
kin tsaya gaban wani ƙaho kin rera,
wataƙila ta gonar ubanki ce, wataƙila ta saurayi,
ba ki san Filato ba ko a mafarki.
An dafe muryarki a baƙin faifai, ta fi ki daɗewa.

Mata nawa suka hau ramin Fanda da kwanon sarki a ka,
suna amsa wa juna da Birom, da Hausa, da Angas?
Ba wanda ya kafa musu ƙaho.
Ramin ya cika da ruwa kore shar,
yara na jifa a ciki, ba ya amsawa.

Davou ya ce wani mai tara kayan da a Abuja
zai ba da kuɗi mai kauri.
Na ce ya sake wana hannun tukuna.
Allurar ta dushe, ya koma wajen dutsensa,
ni kuwa ina riƙe da faifan ta gefe-gefe,
ina laluben tsagar da babban yatsa.