Saura Canji Ɗaya

Ran da wutar Gadarif ta dawo a fusace
ta ƙone cikin kwamfutata,
shago ya ɗau ƙauri kamar ana babbakar kan akuya.
Mu'utasim mai gyara ya buɗe, ya shinshina,
ya ce, "Gangar jiki lafiya lau, zuciya za a sauya."

Aka sauya. Na biya. Ta kama.
Na buɗe manhajar lissafin da na saya da gumina,
shekara shida muna kwana muna tashi tare,
sai ta dube ni duban wanda ya shigo ba sallama:
"Wannan lasisi yana aiki a wata na'ura."

Wace na'ura, baiwar Allah?
Waccan tana kwali, ƙarƙashin bencin Mu'utasim,
har gizo-gizo ya fara saƙa mata likkafani.
Gawa ce ke riƙe da mabuɗin ɗakina?

Ta ce in sa lamba, harafi ashirin da biyar.
Na sa. Ta ce an riga an yi amfani da ita.
Na ce, ai ni ne na yi!
Ta ce ta aika saƙo layin wayata,
layin da ya mutu tun ina Omdurman.

A waje manyan motoci sun jeru da riɗi,
Alhaji Haladu na leƙowa, carbi na gudu a hannunsa:
"Buhu nawa Bashari ya kawo? Nawa muke binsa?"
Amsar tana ciki, Alhaji, ina hangen ta,
kamar mai hangen tuwonsa ta tagar gidan wani.

Na kira kamfani. Suka sa mini kiɗa
har shayina ya huce, har katina ya ƙare.
Wata murya mai ladabi, daga ƙarshe:
"Ka tabbatar mana kai ne kai."

Kakana ya tako daga Gumel da ƙafarsa.
A hanya ya sauya jaki uku, takalmi ba adadi,
ya zubar da haƙori biyu a Wadai,
ya iso da rabin harshen da bai tashi da shi ba,
amma da ya yi gyaran murya a ƙofar ƙanwarsa
daga ciki ta ce, "Jibo ne."

Na jawo tsohon littafi mai jan bango,
na busa ƙura, na lashi bakin fensir.
Bai tambaye ni komai ba.
Muka yi lissafin da ka, ni da Bashari,
ya rantse, na yarda, arba'in da uku.

Ran Alhamis saƙo ya zo: an buɗe.
Ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe:
"Saura maka canji ɗaya."
Na daɗe ina kallon layin nan.
Sannan na cire filogi, don na ji fanka ta fara rawa.