Filasta a Ƙugu

Ƙarfe uku na dare a Leeds,
ƙanƙara ta kwanta a kan motocin layinmu,
ni kuwa na wangale taga, ina fifita da takardar kuɗin wuta.
Maigida ya ja bargo har ka:
"Uwani, kashe mu za ki yi?"
Ban tanka ba. Murhu ne a ƙirjina,
wani ya hura shi bai yi sallama ba.

Shekara biyu ke nan da jinin ya ɗauke ƙafa.
Na zaci hutu na samu.
Ashe da zai tafi ya naɗe barcina cikin tabarmarsa,
ya kwashe sunayen mutane daga bakina.
A gidan tsofaffin da nake aiki
na tsaya da cokali a gaban Misis Hargreaves,
shekara shida ina haɗa mata shayi,
sunanta ya ɓace mini ɓat.
Ita mai ciwon mantuwa ce ta dube ni da tausayi.

Inna ba ta taɓa faɗa ba.
Na dai tuna ta tana jiƙa mayafi a randa,
wai garin da zafi, alhali kowa na makyarkyata.
Na tuna Goggo Delu, tuntuɓe ɗaya da dokin ƙofa,
ƙugu ya karye kamar kara, ba ta ƙara tashi ba.
Aka ce tsufa. Aka shafa fatiha.

Likitar, mai furfura a gaban goshi,
ba ta yi mini alkawarin ƙuruciya ba.
Ta auna jinina, ta bi dangina ɗaya bayan ɗaya:
wa ta yi sankarar nono?
Wa jini ya taɓa daskare wa a jijiya?
Ta ɗiga mata dubu a takarda,
ta kewaye 'yan kaɗan da jan biro.
"Waɗannan ne ƙarin, in an daɗe a kai.
Ba zan rantse ba kya cikinsu ba.
Ga kuma ƙashinki, ga barcinki. Ki auna."
Na dubi ɗigon nan.
Kowace da zanenta, kowace da mai jiranta a gida.

Yaya Ladidi ta kira daga Kontagora:
"Ƙofar da Allah ya rufe, ke ce za ki taɓa da maganin Turawa?
Ki jiƙa sassaƙe, ki yi haƙuri."
Na ce, Yaya, tabaraun da ke kan hancinki fa?
Ta ce layin ba kyau.

Filasta ce, da kaɗan ta fi kan sarki.
Litinin da Alhamis nake sauya ta a ƙasan ƙugu,
da ƙwaya guda kafin kwanciya, don tsaron mahaifa.
Makonnin farko nono ya yi tsami kamar na mai jego,
kai ya dinga sara,
ɗigon jini ya leƙo,
na tsaya da buta a hannu ina lissafin hukuncin salla
kamar 'yar shekara sha uku.
Saura kaɗan in ɓare ta in jefa a shara.

Sai wata Laraba, cikin wata na uku,
agogo ya tashe ni.
Agogo, ba zufa ba.
Matashin kai a bushe.
Na zauna bakin gado ina kuka,
maigida ya zabura, ya zaci rasuwa aka yi.

Ba a gama ba dai.
Wasiƙar hoton nono tana manne a jikin firiji,
sha huɗu ga wata, ƙarfe goma.
Duk wanka yatsuna sukan yi zagaye,
suna neman abin da ba na so su samu.
Shekara na zagayowa za mu sake zama da likita,
mu ɗora komai a sikeli, kamar masu sayen gyaɗa.

Jiya Rumasa'u ta shigo ina ɗaura zane.
"Mama, ciwo kika ji a nan?"
Shirun Inna ya taso har maƙogwarona,
ya tsaya yana jira.
Na haɗiye shi.
Na ce, rufe tagar nan, ana sanyi.
Zo ki zauna.