Fuskar Baffa Jatau

Baffa Jatau bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
Shekara arba'in yana haƙar rijiya
daga Harbo har bayan Aujara,
ya bar wa garuruwa ruwa,
mu bai bar mana ko inuwar fuskarsa ba.
Ina ɗan shekara huɗu aka kai shi makwanci.
Abin da na riƙe nasa
tari ne, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai na zaro gawayi daga murhun Hajjo,
na feƙe shi da reza,
na warware takardar buhun siminti,
na shiga gari cigiyar fuska.

Sarkin fawa ya ce kunnuwansa fatan-fatan ne,
shi ya sa yake jin inda ruwa ke kwance.
Mamuda tela ya ba ni faɗin kafaɗa,
shi awo kawai ya sani.
Goggo Yahanasu ta ce, hanci ka dubi na ubanka,
sai dai ka rage masa girman kai.
Wushirya kuwa, an kai la'asar ana gardama:
wasu sun ce da ita aka haife shi,
wasu sun ce guga ce ta fado masa.

Kwana tara ina shafa, ina gogewa,
yatsuna sun yi baƙi kamar gindin tukunya.
Gawayi ba ya mantuwa.
Duk layin da na ja bisa kuskure
yana nan ƙarƙashin na gaskiya, yana leƙe.

Ran kasuwar Gujungu yayana ya aiko da allon gilashi,
da alƙalami marar tawada.
Na kai caji shagon Ɗanliti mai sola,
naira ɗari, har da jira.
A nan kuskure ba shi da kabari:
ka taɓa 'yar kibiya, ya koma kamar ba a yi ba.
Na ɗora launi bisa launi kamar mai yaɓen ɗaki,
na zuba masa hasken da ba na garinmu ba,
na goge tamoji, na daidaita ido da ido,
fata ta yi sumul kamar sabuwar tasa.
Yara suka taru a bayana suna cewa kai, kai, kai.

Na kai wa Hajjo bayan magariba.
Ta karɓa hannu biyu, ta nisanta, ta kusanta,
hasken ya kwanta a kan tsagar kumatunta.
Ta ce, sannu da zuwa, baƙo.
Ta ce, kyakkyawa ne, a ba shi ruwa,
amma ban taɓa dafa masa tuwo ba.

Ta miƙa hannu ta jawo ta simintin,
wadda na naɗe na jefa bayan randa.
Ta daɗe.
Akuya ta shigo ta fita.
Sannan ta lashi babban yatsanta,
ta danna kan idon hagu, ta ja ƙasa kaɗan.
Ta ce, wanda ya ƙare rayuwa a gindin rami
yana ɗaga kai ya dubi rana,
idonsa ɗaya ba ya buɗewa duka.

Shi ke nan, sai ga shi.
Har na ji kamar za a yi tari.

Na ɗaga allon in ɗauki hoton takardar,
caji saura uku, hannuna na rawa.
Na ɗauka. Na faɗaɗa da yatsu biyu,
na wuce gira, na wuce fatar ido,
har na iske zanen yatsan Hajjo,
layi cikin layi, zagaye cikin zagaye,
kamar wanda ya leƙa rijiya
bayan an jefa tsakuwa.

Ban taɓa 'yar kibiyar ba.
Allon ya mutu a hannuna.
Hajjo ta soke takardar a jikin azara,
ta ce in miƙo mata fitila.